Yatsa Biyar a Bangon Sito

Ranar Talata da hantsi aka kira Sufeto zuwa tsohon gidan nan na bakin kasuwa. Leburori na rushe bangon sito, sai ga ƙasusuwan mutum, har da takalminsa!

Gidan kuwa kowa ya san tarihinsa. Wani magini ne ya gina abinsa da hannunsa, ɗaki shida. Shekara arba'in da biyu ke nan aka ce ya gudu ya bar mata da 'ya ɗaya. Ƙaninsa ya baje a ciki, shi da 'ya'yansa, ko kunya babu.

Da ƙanin maginin Sufeto ya fara. Ya tsufa tukuf, yana kan tabarma.

"Baba, wa ya yi wannan bangon?"

"Yaya ne, ranka ya daɗe, kafin ya tafi. Duk bangon da ya gama sai ya danna hannunsa na hagu a ɗanyen siminti. Duba, ga shi can."

Ga shi kuwa, raɗau, a jikin ɓaraguzai.

Sai aka kawo 'yar maginin, ita ma yanzu da jikokinta. Sufeto ya tambaye ta abin da ta sani.

"Baffa ya ce mana wata mace ya bi. Har uwata ta rasu ba ta yafe masa ba."

"Me kike tunawa da shi?"

"Hannunsa. Nakan yi wasa da dungun. Bulo ya cinye masa ƙaramin yatsan hagu."

Sufeto ya miƙe. Ya bi ɗakunan nan shida yana ƙirga yatsun shatin hannun da ke kowane bango. Huɗu. Huɗu. Ko'ina huɗu. Na sito, biyar cif!

Kofur ɗinsa ya duƙa kan ƙasusuwan, ya ɗago. "Yallaɓai, na hagu huɗu ne."

Sufeto ya sa aka ajiye gutsuren simintin sito mai shatin hannun gaban tsoho.

"Baba, miƙo hannunka."

"Sanyi ke damuna, ɗana."

"Ba za mu daɗe ba."

Hannu ya zauna daram a cikin shatin, har karkataccen babban yatsan. Tsakar gida ta ɗauki salati.

"Cewa ya yi in tattara in bar masa gida," in ji tsohon. "Ni da na ɗauko kowane bulo a kaina! Shebur ɗaya na buga masa. Na sa hannun ne a ce aikinsa ne. Ban ƙirga ba."

Kofur ya sa masa ankwa.

"Baffa," in ji 'yar, "a cinyarka fa na koyi zaginsa."

Bai ɗago ba, aka fita da shi.

Ita kuwa ta shiga ɗakin uwarta, ta ɗora hannunta a kan shatin bango mai yatsa huɗun.

"Baba, ashe kana gida."