Tsuntsun da Aka Bari a Hawa na Huɗu

Da hantsi aka kira Sufeto Genivaldo zuwa wani tsohon bene a birnin Olinda. Ya tarar da mutanen gidan a titi, kowa rungume da abin da ya iya fitarwa. Ginshiƙin ƙasa ya tsage, gilashin da injiniya ya manna a kan tsagar don a gane ko tana buɗewa ya fashe.

Dona Zuleide ce ta kira shi, tsohuwar da ta ƙi yarda a sayar da benen.

"Ɗana, sai kowa ya amince ake sayarwa, ni kuwa na ƙi. Amma da an ce gini zai rushe, rinjaye ya wadatar. Gobe masu gidan za su zauna a kai. Ina za ni da tsufana?"

Sufeto ya shiga ƙasan benen. Kowa ya ce gini ne ya motsa. Shi dai ya durƙusa ya duba. Gilashin da gini ya ja, tsaga ɗaya yake yi. Wannan daga tsakiya ya farfashe, kamar an buga shi. A cikin tsagar kuma ga sabon sara, har ƙarfe ya leƙo. Yashi ya zubo masa a wuya, ya fito da sauri.

"Wa ke riƙe da makullin ƙasa?"

"Ni ne, yallaɓai," in ji Seu Ananias, shugaban masu gidan. "Amma ban taka wurin ba. Ni ma raina nake so."

Sai ga kukan tsuntsu daga sama. Sufeto ya ɗaga kai, ya hango keji a barandar hawa na huɗu.

"Na wane ne?"

"Na Seu Ananias ne," in ji Dona Zuleide. "Ko burodi za shi saya, da shi yake tafiya. Matarsa ma ba ta samu haka ba."

Sufeto ya juya ya ce, "Kowa ya gudu da abin da yake so, Seu Ananias. Kai ka bar naka, don ka san ginin ba zai faɗi ba."

Seu Ananias ya ce, "Kaɗan na sara, yallaɓai. Don ta ji tsoro kawai."

"Ka sara har ƙarfe. Yanzu kam yana iya faɗuwa."

Seu Ananias ya zabura zai shiga, aka tare shi da ankwa. Har aka tura shi mota yana roƙon a sauko masa da kejin.

"Zaman gobe ya rushe, Dona," in ji Sufeto. "Amma ba mai shiga sai an tokare ginshiƙin."

Ta ja kujerarta ta zauna tana fuskantar gidan. Tsuntsun bai daina kuka ba.