Mai Riƙe da Bangon Gidan Tanapo

Magariba ta sauka a Jenne, hayaƙin kifi yana tashi daga gidaje, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gidan Bokari Tanapo. Matarsa Diko ta ajiye akushin shinkafa ke nan, sai wani curin laka ya faɗo tsakiyar abincin. Aka ɗaga kai, babu kowa a kan soro. Wani curin ya biyo baya, da ɗuminsa, kamar yanzu ya bar tafin hannun mutum.

Gidan tsoho ne, kakan kakan Bokari ya gina shi, kuma bangon gabas ya daɗe da sunkuyawa. Shekara da shekaru Bokari yana zarya a ofishin wata gidauniyar agaji mai gyaran tsofaffin gine-gine. Yau a ce ya dawo gobe, gobe a ce manya ba su amsa daga Turai ba. Ga shi doka ta hana a sa siminti a tsohon gari. Da ƙyar aka karɓi gidansa, tare da gargaɗin cewa tsohon gini suke tallafa wa, ba sabo ba, kuma ɗaliban da suke horarwa ne za su yi aikin. 'Yarsa Nyamoye tana cikinsu, ita ce ma ta fara kankare yaɓen.

A garinmu kowane gida da maginin da ya gada, kuma ba a sa ƙarfe a jikin bango sai ya zo ya yi tofi a hatsi, ya nemi izini. Maginin gidan Tanapo ya rasu, 'ya'yansa suna can Bamako suna sayar da waya. Diko ta ce a aika musu. Shugabar aikin, Madam Sangare, ta ce damina ba ta jira, masu ba da tallafi ma haka. Wallahi har yau wannan gaggawar tana ci mini rai.

Tun da aka taɓa bangon jifan bai tsaya ba, kullum da faɗuwar rana. Daga baya aka fara jin nishi a cikin bango, irin na wanda kaya suka yi wa nauyi. Wata magariba Nyamoye ta tashi daga kan sallaya, ta je ta jingina bayanta da bangon gabas, ta ƙame. Ƙarti suka taru, suka kasa ɗaga ta.

Aka kira Alfa Hamadun, malamin da aljanu ke jin maganarsa. Ya zauna ya yi karatu har duhu ya cinye fuskokin mutane.

"Kai wane ne?" in ji Alfa.

Muryar wani tsoho ta fito daga bakin yarinyar. "Sai yanzu aka ga damar tambaya? Tun da aka aza tubalin farko nake tallafe da bangon nan. Ban ci naku ba, ban sha naku ba. Kawai sai na ji ƙarfe a haƙarƙarina, ko sallama babu."

"An yi maka laifi. A yanka maka rago, ka saki yarinyar mutane."

"In yi me da rago? Na gaji, Alfa. Ko ta riƙe mini bangon da bayanta in huta, ko in tafi gaba ɗaya. In na tafi kuwa, ku nemi mai riƙe shi."

Alfa ya juyo. "Mai gida, magana ta dawo gare ka."

Bokari ya dubi bangon. Ya tuna zaryar shekaru, ya tuna gargaɗin gidauniya. Shiru ya yi tsawo.

"Bokari!" in ji Diko. "Wai tunani kake yi?"

"A bar shi ya tafi," in ji Bokari, da ƙyar aka ji shi.

Nyamoye ta kife gaba, aka ja ta zuwa ƙofar ɗaki. Bangon ya yi ajiyar zuciya, sannan ya zube a hankali, azara ta biyo shi.

Da safe Madam Sangare ta zo ta jajanta. "Ka yi haƙuri, Baba, dokar ba tawa ba ce. Abin da ya rushe ya fita daga tsarinmu. Amma ka bari ɗalibai su ɗauki hoto, darasi ne babba."

Bayan ta tafi, Bokari yana zaune a kan tulin ƙasar, sai Nyamoye ta kawo masa shayi.

"Mun gode Allah da kika samu kanki, 'yata."

Ta ajiye kofin a gabansa. "Jiya bakina ne kawai ba nawa ba, Baba. Kunnena yana ji. Har shirun da ka yi na ji."