Fentin da Ya Ƙi Bushewa

Ƙarfe uku saura na ranar Laraba aka bugo waya komisariyar Madawa, wato ofishin 'yan sanda. An tsinci gawar wata tsohuwa a bakin hanyar Azarori, bayan gidajen ƙarshe na gari.

Sufeto Nuhu ya ture kwanon shinkafarsa ya miƙe. Gajeren mutum ne mai saurin hasala, kuma babu abin da yake tafasa masa zuciya kamar direban da zai buge mutum ya gudu. Ya ɗauki Birgadiye Balkisu, mataimakiyarsa, suka tafi.

Iya Hawa ce, mai saƙar tabarmin kaba. Ta ɗauko tabarmi huɗu za ta kai wa dillali, mota ta kwashe ta daga baya ta watsar da ita cikin kwari kamar buhun ƙaiƙayi. Sufeto ya bi jar ƙasar da ido, ya je ya dawo. Ga sawun manyan tayoyi nan raɗau, amma ko taku ɗaya babu inda aka ja birki.

"Ko tsayawa bai yi ba, la'ananne!" in ji shi.

Balkisu ta ɗago tabarmar sama. Wani baƙin abu ya shafe gefenta, mai kauri, da tsakuwa-tsakuwa a ciki.

"Kwalta ce, Sufeto?"

"Ina kwalta a hanyar jar ƙasa? Wannan fenti ne."

Kowa a Madawa ya san mota guda ce ke da irin wannan fenti. Tsohuwar katkat ce, irin mai ratsa yashi da duwatsu, ta Alhaji Abdurrazak mai fataucin albasa. A mace ya sayo ta daga Keita, ya kai wa Barnabas makaniki. Wata bakwai Barnabas yana kanta: ya sauke inji ya sake ɗaurawa, ya canza birki, ya yi wa ƙarfen ƙasa walda. Da ya gama sai ya bi jikinta duka da fentin da ake shafa wa bayan motar ɗaukar kaya don kada kaya su karce ƙarfe. Ba feshi ake yi ba, da rulo ake murza shi, abin nan mai soso da ake fentin bango. Mutane har tsayawa suke yi a ƙofar garaji suna kallo.

Sun je garajin a yammacin suka tarar da kwado a ƙofa. Maƙwabta suka ce Barnabas yana asibitin mishan tun Litinin, matarsa Susana ba lafiya.

Da safiyar Alhamis labari ya gama gari. Barnabas ya sauka daga kabu-kabu don ya ɗauki tufafin matarsa, bai san hawa ba bai san sauka ba, jama'a suka yi masa ca. Kafin Sufeto ya iso an fasa masa goshi da dutse. A gaban taron kuwa wa za a gani in ba Alhaji Abdurrazak ba, cikin farar shadda, hannun riga a ɓalle har wuyan hannu, yana ta kumfar baki.

"Amana na ba shi! Motata ya ɗauka yat tahi yawo, yak kashe baiwar Allah! Ku kama shi, Sufeto, kunya ta ishe ni!"

"Duk wanda ya sake ɗaga dutse, da shi zan fara!" Sufeto ya daka tsawa, ya tura Barnabas cikin motar 'yan sanda.

A ofis Barnabas yana dafe da goshi, jini na bin yatsunsa.

"Ina kake jiya tsakanin sha biyu da uku?"

"Asibiti, ranka shi daɗe. Ban hita ba."

Sufeto ya ɗaga waya ya kira asibitin a gabansa. Ma'aikaciyar ɗakin mata ta ce mijin Susana ya fita da hantsi, bai dawo ba sai bayan la'asar. Sufeto ya doki tebur har biro ya yi tsalle.

"Ni za ka yi wa ƙarya? Ni? Na tsamo ka daga hannun masu jifa, ka saka mini da ƙarya?"

"Tsoro na ji, ranka shi daɗe. Sabon Gida na tahi neman dangi. Gobe da sahe za a yi wa Susana aiki, an ce sai an tanadi jini leda biyu. Ban iske kowa ba, duk suna gona. Nawa ya dace da nata, ni zan ba da ɗaya, wani malamin asibiti ya ce shi ba da ɗaya. In ban je ba, ba za su taɓa ta ba."

"Wa ya gan ka a Sabon Gida?"

"Ba kowa."

Komisar, shugaban ofishin, ya leƙo ya ce magana ta ƙare: ga fenti, ga ƙarya, ga babu shaida. Gobe Juma'a ƙarfe takwas a miƙa shi kotu, daga can sai gidan kaso. Barnabas ya zame daga benci ya durƙusa.

"Motar ba ta da ikon hita! Litinin na gama shafi na biyu. Fentin ga sai ya kwana bakwai kahin shi ƙanƙare. Na gaya wa Alhaji har sau ukku. Wata bakwai ina wahala, ni zan ɓata aikina da hannuna?"

Aka rufe shi. Amma maganar ta tsaya wa Sufeto a rai, ya karɓi makullan Barnabas ya koma garajin da Balkisu.

Motar tana tsaye cikin rumfa, baƙa wuluk, jikinta kaushi kamar dutsen niƙa. Sufeto ya zagaya yana shafawa. Ko'ina ya sha iska, ba ya kama hannu. Da ya zo gaban dama, saman taya, sai yatsunsa biyu suka manne.

"Kai! Wannan wane irin tsiya ne?"

Ya kai hanci. Warin isansi, wato fetur, irin na kwalba da ake sayarwa a bakin titi. Wurin ya yi loɓa, an cika shi da fenti an murza rulo barkatai, har ya zubo kan fitila. A ƙarƙashin teburin aiki Balkisu ta zaro gwangwanin fentin, murfi a karkace, da wasu baƙaƙen ledoji biyu a cukuikuye, duk sun yi dama-dama.

"Wani ya sa leda a hannu don kada ya ɓaci," in ji ta.

Suka koma suka tambayi Barnabas ta tagar ɗakin tsaro. Da ya ji an ce isansi, sai ya manta a kulle yake, ya hau faɗa.

"Isansi? Wane jaki ya zuba isansi cikin fentin ga? Ai ba ya bushewa har abada! Ragowar da na bari ta yi kauri, shi ya sa ya tsinka ta. Ni ruwan tsinka shi na musamman gare ni, yana cikin akwati a kulle. Kuma ni gwangwani kife nike aje shi, baki ƙasa, don iska kada ta shiga. Ku tambayi kowa!"

"Makullin garaji da na mota, nawa ne?"

"Bibbiyu. Ɗaya wurina, ɗaya wurin Alhaji. Filin ma nashi na."

Alhaji Abdurrazak yana zaune a rumbun albasarsa lokacin da suka same shi. Ya sa aka kawo musu ruwan sanyi, ya yi ta girgiza kai yana jimamin marigayiya.

"Makulli? Ya ɓace tun kahin salla, Sufeto."

"Yaushe rabonka da garajin?"

"Kwana goma. Ni warin fentin nan ma ciwon kai shike sa ni. Ban taɓa kusantar shi ba, Allah na gani."

"Jiya da rana kana ina?"

"Nan, ina barci. Ku dai yi aikinku, yaron can ya ci amana."

Sufeto ya dubi hannuwan Alhaji. Tas suke, har zoben azurfa yana ƙyalli. Ya fito yana huci, domin ya san ƙarya ake yi masa amma ba shi da inda zai kama.

Azahar ta riske su kusa da masallacin tasha. Sufeto ya tsuguna alwala, sai ga baƙin fentin nan a yatsunsa. Ya sa sabulu, ya goga da yashi, ya kankara da makulli. Ko gezau. Haushi ya ishe shi, ya je wurin liman, wani dattijo mai fara'a da ke zaune a inuwa.

"Allah gafarta Malam, ga abin da ya manne mini, ruwa ba ya ratsa shi. Alwalata ta yi?"

Liman ya kama yatsun ya duba, ya yi dariya.

"Ikon Allah! Mi ke faruwa garin ga? Kai ne na biyu. Ka kankare iyakar ƙoƙarinka, abin da ya gagara Allah ba ya kama ka da shi. Haka na gaya wa Alhaji Abdurrazak jiya da la'asar. Shi nashi ma ya hi naka muni, tun daga nan har kusa da gwiwar hannu. Ya ce makaniki yat taya aiki. Bawan Allah, duk ya damu kada sallarshi ta ɓaci."

Sufeto ya janye hannunsa. Jijiyar wuyansa ta tashi. Ya yi sallarsa, ya roƙi Allah ya riƙe masa hannu kada ya mari dattijo mai furfura yau, sannan ya aiki Balkisu ta ce wa Alhaji ana son ya zo ya sa hannu a takardar karɓar motarsa.

Alhaji ya iso da la'asar yana murmushi. Ya tarar da Komisar a zaune, an fito da Barnabas an ajiye a benci. A kan tebur babu takarda, sai buta cike da ruwa.

"Lokacin salla ya yi, Alhaji. Bisimilla, yi alwala."

"Ina da alwala, ɗana."

"Sake wata."

"Wane irin wulaƙanci ne wanga? Ka san da wa kake magana?"

"Na sani sarai. Naɗe hannun riga!"

Alhaji ya dubi Komisar. Komisar ya ɗauke kai. Alhaji ya ɓalle maɓallin, ya ja shaddar sama. Daga inda leda ta tsaya har kusa da gwiwar hannu baƙi ne dabbare-dabbare, fatar ta yi jawur, ta sassale saboda kankara da reza.

"Kai da ba ka taɓa kusantar fenti ba!" Sufeto ya miƙe tsaye. "Makaniki ka taya aiki ranar Laraba, shi yana neman jinin matarsa a Sabon Gida?"

Gumi ya keto wa Alhaji. Sai kuma ya nuna Barnabas da yatsa. Wallahi wani mutum ba ya jin kunyar Allah.

"To, ni na ɗauke ta. Motata ce, na ƙagu in gwada. Amma laihinshi na! Birki yaƙ ƙi kamawa. Na taka, na taka, babu! Shi ya ɗaura mini birkin banza!"

Barnabas ya zabura, sai da Balkisu ta riƙe shi.

"Ƙarya kake! Ƙarya kake, Alhaji! Sabo dal na sa, ƙahwa huɗu! Ku zo mu tahi yanzu, in bai kama ba ku rataye ni!"

"Ba sai ka rantse ba," in ji Sufeto. "Motar tana nan, yanzu za a fito da ita a taka birkin a gaban kowa. Kuma na auna hanyar da ƙafata, Alhaji. Mai neman tsayawa yana kaucewa, yana barin alama. Kai miƙe ka tafi, miƙe ka wuce. Me kake yi lokacin?"

Alhaji ya sulale kan kujera. Muryarsa ta dawo ƙarama.

"Waya nike. Wani mai saye daga Abijan yana raina mini albasa, muna ta gardama. Ban gan ta ba sai da na ji ƙara. Na duba madubi, na ga tabarmi warwatse. Na ce in na tsaya sunana ya ɓaci. Na maida motar, na ga fentin ya kwaile wurin, na shafe."

"Da safe kuma ka tara jama'a su jefi wanda ka san bai yi komai ba."

"Shaiɗan na, Sufeto."

"Kada ka sake ka kira mini Shaiɗan a nan!" Sufeto ya buga buta, ruwa ya fantsama. "Ka bar tsohuwa a kwari ko juyowa ba ka yi ba. Ka kwana ka tashi kana kallon za a kai wannan kaso, matarsa a kwance tana jiran jininsa. Duk wannan bai hana ka barci ba. Abin da ya dame ka har ka je gaban Malam, wai ko ruwa ya taɓa fatarka! Tir da halinka, Alhaji. Birgadiye, sa masa ankwa."

Ankwar ta zauna daidai kan fatar da ya sassale, ya yi ƙara. Babu wanda ya ce masa sannu.

Komisar da kansa ya miƙo wa Barnabas ɗamararsa da takalmansa, ya ce a kai shi asibiti da babur ɗin ofis yanzu-yanzu. Barnabas ya sunkuya yana sa takalmi. Ana jan Alhaji za a wuce da shi, sai ya tirje a gabansa.

"Barnabas, don girman Allah, yahe mini."

Barnabas ya ɗago, busasshen jini a goshinsa.

"Ni ina da rai, Alhaji. Wata rana ina iya yahewa. Iya Hawa za ka nema."

Balkisu ta tura Alhaji cikin ɗakin da aka fito da Barnabas, ta ja ƙofar ƙarfen ta datse. A waje an tayar da babur. Barnabas ya haye baya, ya ce wa ɗan sandan da ke tuƙi ya yi sauri, masu ɗibar jini ƙarfe shida suke tashi.