Maigidan da Ya Zauna Ranar Slava

Akwai abin da ko mashayin garinmu ba ya yi. Ranar slava, bikin waliyyin gidansa, maigida ba ya zama. Muddin kyandir na ci, a tsaye yake, yana zagaya baƙi da farantin dafaffiyar alkama, yana zuba musu barasa, har ƙafafunsa su kumbura. Velibor ya san wannan sarai, don a gidan tsoho Obrad aka haife shi. Sai dai kwaɗayi mabuɗin wahala.

Shekarar da aka zaɓi sabon shugaban ƙasa, babu wanda ya sha rana kamar Velibor. Ya kwashi ƙauyawa a motoci, ya yi ihu har muryarsa ta dishe. Da aka zo rabon kujeru, sai ya ga abin da ake kira siyasa. Jam'iyyun ƙawance suka yi gaba da ma'aikatun kuɗi da noma. Mutumin da ya tsaya wa shugaban ranar aurensa ya zama shugaban ma'aikatan fada. Saura ma'aikatar hanyoyi, inda kowa ya san romon yake. Kullum Velibor na ɗakin jira da sabuwar kwat, sakatariya na miƙo masa kofi tana cewa, "Shugaba yana sane da kai." Ranar da ya ji ƙishin-ƙishin wani farfesa za a ba, wanda ko fosta bai taɓa mannawa ba, bai koma gida ba. Ya juya kan mota zuwa duwatsun gabas, wajen wata tsohuwar matsafiya, Kaka Anuca.

Da hantsi ya same ta a wani tsohon ɗakin niƙa da ke kan rafi. Dutsen niƙan ya daɗe da daina juyawa. Hotunan waliyyai duk an juya fuskarsu bango, busasshiyar ɗoɗɗoya na reto daga rufi, an ɗaure ta da jan zare. Kujera ɗaya ce tak a ɗakin.

"Zauna, ɗan Obrad," in ji ta. "Ai zama ka zo nema."

Bai faɗi sunansa ba, amma ga shi ta san shi. Ya zauna, ita tana tsaye a kansa.

"Kaka, haƙƙina nake so. Na yi wahala, wasu na ci."

"Duk haka kuke cewa. Wace rana ce slavarku?"

"Ta Waliyyi Jorje. Ta kusa."

Ta yanki gashin ƙeyarsa, ta murɗa shi da jan zare ya zama lagwani. Ta narka wani baƙin kaki a kasko, tana tsoma lagwanin tana fitarwa, tana kiran sunayen da bai taɓa ji a coci ba. Can sai ya lura ya daina jin ƙarar rafin. Ruwa na gudu ƙarƙashin katakon, yana ganinsa ta tsaga, amma shiru kake ji. Ta miƙa masa kyandir mai kauri, da sanyi kamar hannun gawa.

"Wannan za ka kunna, ba na coci ba. Ka zauna a kan teburinka, kada ka tashi sai baƙi sun watse. Duk shekarar da ka zauna a gida, za ka zauna a fada."

"A gaban mahaifina? Mutane za su zage ni!"

"Za su zagi minista?"

Ya laluba aljihu zai biya. Ta ture hannunsa.

"Ba ni ake biya ba."

"To wa? Kuma da me? Ki faɗa mini gaskiya, Kaka."

"Gida ba ya rasa mai tsayuwa," in ji ta. "In kana tsoro, ajiye kyandirin ka kama hanya."

Da a ce ya sake tambaya, da ta gaya masa, don irinsu ba sa ƙarya. Bai tambaya ba, saboda ba ya son ya ji.

Ranar slava gida ya cika, ga gasasshen ɗan rago, ga burodin biki. Velibor ya kunna baƙin kyandir, ya ja kujera ya zauna. Cokula suka tsaya. Matarsa Stanka ta raɗa masa, "Ka haukace ne? Tashi mana!" Ya yi kamar bai ji ba. Tsoho Obrad ya dube shi, kunya ta rufe shi, ya dafa sanda ya miƙe.

"Ƙafar yaron ke ciwo," ya ce wa baƙi. "Ni zan tsaya."

Ya ɗauki farantin alkama yana zagayawa. Bai kai ƙarshen teburin ba waya ta yi ƙara. Shugaban ƙasa ne da kansa. An fasa farfesa, Velibor ne ministan hanyoyi.

Kafin lokacin girbi ya zo Velibor ya zama wani abu. 'Yan kwangila na layi, gida hawa uku ya tashi a babban birni, waɗanda suka yi gulmar zamansa su ne masu buɗe masa ƙofar mota. A cikin wannan daɗin aka tsinci tsoho Obrad a gonarsa ya mutu, a tsaye, ya jingina da itace, idanu buɗe. Da ƙyar aka kwantar da shi a akwati. Velibor ya yi kuka, ya ce tsufa ne.

Shekara ta zagayo, aka fara maganar garambawul, ana cewa shugaban zai sauke rabin ministocinsa. Velibor ya ciro kyandirin, wanda ko kaɗan bai rage tsawo ba, ya kunna, ya zauna. Stanka ce ta ɗauki farantin don ta rufa masa asiri. Garambawul ya zo ya wuce, bai taɓa shi ba. Amma tun daga ranar Stanka ba ta sake zama ba. A tsaye take cin abinci, a tsaye take gyangyaɗi, tana miƙa wa bango farantin da babu komai tana cewa, "Ga alkama, ku ɗiba." In aka zaunar da ita da ƙarfi sai ta yi ihu kamar an ɗora ta kan garwashi. A gidan mahaukata ta ƙarasa.

Yanzu kam ya gane: duk wanda ya tsaya a madadinsa, shi ake ɗauka. Abin da ya rage masa a duniya ɗansa ne, Nenad, saurayi mai hankali da ya ɗauko halin kakansa. Da wani uban ne, da ya jefa kyandirin a rafi. Velibor sai ya ce zai yi wa aljanu wayo. Ya tura Nenad karatu ƙasar waje, ya hana shi zuwa biki. Ya ɗauko ma'aikatan otal su yi hidima, a ransa yana cewa in ma za a ɗauka, a ɗauki bare. Kun ji mugunta.

Slavar wannan shekarar ta fi kowace girma, don shugaban ƙasa da kansa ya zo, ya zauna a damansa. Kujerar mataimakin firaminista ta zama babu kowa, kuma kowa ya san abin da ya kawo shi. Kyandir na ci, ma'aikata na zagayawa, shugaban ya sunkuyo ya fara magana ƙasa-ƙasa. Sai ƙofa ta buɗe. Nenad ne, da jaka a kafaɗa.

"Baba, barka da slava!" ya ce yana dariya. "Ka ce kada in zo, amma ina! A ce gidan Obrad 'yan haya ke raba alkamarsa? Kakana zai juya a kabari." Ya ajiye jaka, ya nufi ma'aikacin da ke riƙe da farantin. "Kawo nan, ɗan'uwa, na gida ya iso."

Velibor ya dubi farantin. Tsakaninsa da yaron bai fi tsawon teburin ba. Miƙewa kawai zai yi, ya karɓi farantin da hannunsa, kamar kowane maigida. Ya dafa teburi, ya ɗaga jikinsa.

Shugaban ya ɗora hannu a kafaɗarsa. "Ina za ka, minista? Zauna mana, ban gama ba. Kujerar nan, kai nake tunani."

Ba danna shi ya yi ba, dafawa ce kawai. Na rantse ko yaro zai iya ture hannun. Velibor ya dubi ɗansa, ya dubi shugaban, ya koma ya zauna.

Nenad ya zo gabansa da farantin. "Ɗiba, Baba. Yau hutawa za ka yi."

Bayan biki yaron ya kama hanyar filin jirgi, a kan sabon titin da ma'aikatar ubansa ta gina, wanda aka cinye rabin simintinsa. Katangar da ke tare dutse ta zubo kan motar. Da masu ceto suka tono shi, a tsaye suka same shi cikin ƙasa, ya fito yana ƙoƙarin gudu.

Jaridu suka yi ca. Shugaban da ya dafa kafaɗarsa shi ya fara cewa bai san shi sosai ba, kuma kafin a yi addu'ar arba'in an rantsar da farfesa a kujerarsa. Aka ƙwace gidan birni. Velibor ya koma duwatsun gabas, ya tarar da ɗakin niƙa babu rufi, rafin na ta ƙararsa.

Yana nan har yau a tsohon gidan Obrad. In ka leƙa ta taga za ka gan shi, ƙafafu sun kumbura sun tsage, yana zagaya teburin da babu kowa da faranti a hannu. Maƙwabta sun sha kawo masa kujera, ba ya ko kallonta.

Kai da ke ɗakin jira yanzu da sabuwar kwat, kana cizon yatsa don an ba wani, ka ji da kyau. In an hana ka, ka koma gida ka tsaya wa baƙinka. Duk wanda ya ce zai zaunar da kai ba da guminka ba, tambaye shi wa zai tsaya, kuma ka jira amsa. Velibor an ba shi damar tashi, da ƙafafunsa lafiya lau.