Kek ɗin Masu Kifar da Mota

Da safiyar Litinin aka kira Sufeto Gunvor Niemi, aka ce mota ta kife a hanyar bakin tafki, mace ɗaya ta rasu.

Ta tarar da motar tayoyi a sama. Doguwa ce mai tudu, sabuwa fil, ƙirar kamfanin Kallhed, rufinta ya lotse har ya taɓa kujeru. Mijin marigayiyar, Ruben Stenlund, yana zaune dirshan a kan ƙanƙara, jini na bin goshinsa.

"Barewa ce ta faɗo titi," in ji shi. "Na kauce hagu, na dawo dama, yadda kowa ke yi. Sai kawai na ji mu a sama."

Gunvor ta bi sawun tayoyin. Ko ɗan koyo ya san wannan ba sawun mai gudu ba ne.

Amma kafin a binne matar, lauyan kamfanin ya shiga rediyo yana jimamin "gangancin direbobi". Mai gabatar da ƙara ya fara shirin tuhumar Ruben da kisa ta hanyar tuƙin ganganci. 'Yarsu tilo, Tuva, ta daina ɗaga wayarsa.

A nan arewacin Suwidin, da tafki ya daskare kamfanoni ke zuwa gwada motoci a kansa. Da su garin ke cin abinci, don haka kowa ya iya kama bakinsa. Gunvor ta je rumfar gwajin Kallhed ta sami shugabanta, Injiniya Dag Holmlund, mutum mai murmushin da ba ya wuce haƙora.

"Irin wannan motar ta taɓa kifewa a gwaji?"

"Haba Sufeto! Ko sau ɗaya."

Direbobinsa kuwa duk takalmansu suke kallo.

A hanyar komawa ta tsaya shagon burodin Maj-Britt, tsohuwar da ba a tambayarta labari, ita ke farawa.

"'Yar nan, kin rame. Ɗauki kek mana. Bana babu ciniki, bara kam yaran Kallhed sun ƙarar mini da kirim."

"Biki suka yi?"

"Wane biki? Kin manta al'adarsu? Duk direban da ya kifar da mota a tafki, shi zai saya wa kowa kek lokacin shan kofi. Ni ke ɗora masa 'yar motar alewa, tayoyi a sama. Bara abin ya yi yawa har yaran suka ce sun gaji, sai Dag ya riƙa zuwa ɗauka da kansa."

Gunvor ta ajiye cokalinta.

Washegari, daidai lokacin shan kofi, ta shiga rumfar ta dire akwati a teburi, ta buɗe. Ga kek, ga 'yar motar a kife.

"Na Stenlund ne," in ji ta. "Ya kifar da taku, amma yana makoki, shi ya sa na ɗauko a madadinsa. Bisimilla, ku ci."

Ba wanda ya motsa. Can wani direba mai furfura ya ture kujerarsa.

"Ni na kifar da ita har na daina lissafi, Sufeto. Da ka kauce ka dawo, sai ta ɗaga ƙafa. Nauyinta a sama yake."

"Rufe mana baki!" in ji Dag.

"To yaya ta ci jarrabawar hukuma?" Gunvor ta tambaya.

Dag ya yi zufa a cikin wannan sanyi. Da ya ga idon kowa a kansa, sai ya saki.

"Dalma muka shimfiɗa a ƙarƙashin motar da aka kai musu, don nauyinta ya koma ƙasa. Gyaran zai ci shekara, manya suka ce ba za su jira ba. Ni na sa hannu."

"Matarka wace mota take hawa?"

Ya sunkuyar da kai. "Kamfani ya ba ta irinta. Na hana ta shiga."

Gunvor ta sha kama ɓarayi da mashaya, amma ba ta taɓa jin ƙyamar taɓa hannun mutum kamar ranar ba. Wani kofur da ya rako ta, shi ta sa ya ɗaura masa ankwa.

"Manyan naka ma muna zuwa," in ji ta.

Daga nan gidan Ruben ta wuce. Ya saurare ta a tsaye, yana riƙe da ƙofa.

"Ke nan ba hannuna ne ya kashe ta ba?"

"Ba hannunka ba ne."

Sai ya miƙo mata wayarsa, ya nuna lambar Tuva.

"Don Allah ki kira ta da taki wayar. Idan ni na faɗa, ba za ta yarda ba. Ni ma ban yarda da kaina ba."