Jar Hula da Mai Gas

A tsakiyar danjar kusa da tashar jirgin ƙasa babur ɗin Pei-shan ya mutu. Rana ce irin ta birnin Kaohsiung mai dafa mutum cikin hular kwanonsa, duk masu babura sun cunkushe a inuwar gadar sama suna jiran hannu. Da aka ba su, kowa ya fizga, ita kaɗai ta tsaya tana danna sitata, babur sai tari yake.

Hon ya kaure a bayanta. Wani dattijo ya ratse ta gefenta yana cewa, "Mace da babur, sai haƙuri." Wani kuma ya ce ta sayar da shi ta sayi keke.

Tana shirin sauka ta tura, sai wani tsohon babur mai giya ya tsaya kusa da ita, an ɗaure masa tukwanen gas a baya har sun fi kan mai shi tsawo.

"Zauna abinki," in ji saurayin. "Riƙe kan da kyau, kada ki taɓa birki sai na ce."

Ya ɗora ƙafa a matakin babur ɗinta, ya tura ta a hankali har ƙofar bakanike. Kafin bakaniken ya gama canja fulogi, ta tsallaka ta sayo wa saurayin madarar gwanda mai sanyi. Ya goge hannunsa a wando sau biyu kafin ya karɓa.

"Sunana Kun-da, amma kowa A-Kun yake ce min. Ke kuma, da wannan jar hular kwanon taki, daga yau Jar Hula ce."

"Ina da suna fa."

"Ki turo min shi ta waya, kada na manta."

Ta yi dariya, ta karɓi lambar.

Daga nan saƙo ya fara tafiya yana dawowa. Ita tana shagon tabarau tana goge gilasai, shi yana hawa benaye da tukunya a kafaɗa.

"Jar Hula, yau na kai gas hawa na biyar, babu lifta. A kowane hawa sai na kira sunanki, shi ya sa ban faɗi ba."

"Mai Gas ɗina, ka sha ruwa. Kuma ka ɗaure igiyar hularka, na gan ka jiya tana reto."

Ta saya masa tawul ruwan ɗorawa na share gumi. Ya rataya shi a wuya, bai ƙara fita ba tare da shi ba.

Ranar da ta kai shi gida, mahaifiyarta ta dube shi daga sama har ƙasa, ta tashi ta buɗe tagogi.

"Goggo, ina wuni," in ji A-Kun, yana miƙa kwalin 'ya'yan itace.

"Ajiye a can. Ko murhu ne ke yoyo, Pei-shan? Wari nake ji."

Mahaifinta, wanda ya yi ritaya daga aikin tashar jiragen ruwa, ya zuba wa baƙon shayi, bai ce komai ba. Haka yake a gidan tun tana ƙarama.

Mahaifiyar tana da nata zaɓin. Jun-hong ne, ɗan wata mai zuwa gyaran gashi a shagonta. Iyayensa na da shagunan shayi a unguwa-unguwa, shi kuma yana da ƙaton babur baƙi wanda ake jin salansarsa tun daga ƙarshen layi. Shi ne ya saka Pei-shan a guruf ɗin mahayansu na waya, inda kullum ake musu kan man inji da taya, da wanda ya iya kwana da wanda bai iya ba.

Wata Lahadi ta ce wa A-Kun ya raka ta inda suke taruwa, a gaban wani kanti kan hanyar dutse, don Jun-hong ya gani da idonsa ya haƙura. Suna isa wani mai gemu ya ɗaga hannu.

"Kowa ya kashe sigarinsa, bam ya iso."

Aka kwashe da dariya. Babu ko tukunya ɗaya a babur ɗin ranar, sai ƙarfen da ake ɗaure su.

"Wannan ai ba babur ba ne, jaki ne," in ji wani.

"Jaki ma ana yi masa wanka."

Jun-hong ya dafa kafaɗar A-Kun. "Ɗan'uwa, gas ya ƙare a gidanmu. Ka kawo guda gobe, ka biyo ta ƙofar baya."

"Zan kawo," in ji A-Kun. Ya juyo ga Pei-shan, ya tambaye ta ko za ta sha wani abu mai sanyi. A hanyar komawa ta lura kunnuwansa sun yi ja.

Damina na tsakiya abin ya faru. Tana cin abincin rana a bayan shago sai wayarta ta hau ƙara. Jun-hong ne ya saka bidiyo a guruf, daga kamarar da ke kan hularsa, ya rubuta a sama, "Bam ya tashi."

Tifa ce ta yashi ta karya kwana, ta haɗa da wani mai babur da ke gefenta. Tukwane suka watse a titi suna mirginawa. Kamarar ta rage gudu, ta kalli mutumin da ke kwance, sannan ta wuce.

Kafin ta gama kallo, ra'ayoyi sun fara zuba.

"Tayoyin nan sun suɗe tun bara, me ake tsammani?"

"Ni tukwanen nake tausayi."

"Ku maimaita inda takalmin ya tashi sama."

"Duk wanda ya shiga gefen tifa shi ya so."

Ta sake kunnawa. A bakin kwata, cikin ruwan sama, ga tawul ruwan ɗorawa.

Ba ta san yadda ta isa asibiti ba. A ƙofar ɗakin tiyata ta tarar da kakar A-Kun, wadda ta raine shi, 'yar tsohuwa mai gasa kifi a tsibirin Cijin. Likita ya fito ya ce zai rayu, amma sun yanke ƙafarsa ɗaya daga ƙasan gwiwa.

Kullum daga shago sai asibiti. A farko har zolaya yake yi mata.

"Jar Hula, yanzu safa ɗaya za ki riƙa saya min."

Sai ta yi dariya a gabansa, ta fita baranda ta yi kukanta.

Wata rana ta zo da romon kifi, ma'aikaciyar jinya ta tare ta, ta ce mara lafiyar ya hana a bar ta ta shiga. Tana tsaye da kular a hannu saƙo ya shigo.

"Pei-shan, ki daina zuwa. Dama wasa nake da ke, yanzu kuma ba ni da ƙarfin wasa. Ganinki ma gajiyar da ni yake. Ki je ki hau babban babur."

Ta kira, bai ɗauka ba. Ta rubuta, "Mai Gas ɗina, me na yi maka?" Saƙon bai ko shiga ba. Da aka sallame shi, ba wanda ya gaya mata.

Ta rame, ta daina hira. Mahaifiyarta ta ce iska ce za ta wuce, ta gayyato Jun-hong cin abinci, ta dafa kaguwa.

Pei-shan ta jira har aka zauna, sannan ta dube shi.

"Ka gane shi ranar?"

"Wa? Oh, mai gas." Ya ɓare ƙafar kaguwa. "Na gane shi mana."

"Amma ba ka tsaya ba."

"Akwai mutane a wurin, wani zai kira motar asibiti. Kuma ina zan ajiye babur ɗina a cikin ruwan nan? Bidiyon ma ai taimako ne, mutane za su koyi hankali."

"Ki bar yaro ya ci abinci," in ji mahaifiyarta. "Shi wancan ma ya fi ki tunani. Da na je asibitin na ce masa, 'Kana da ƙafa biyu ma ban ba ka 'yata ba, yanzu so kake ta ƙare rayuwarta tana ɗaukar maka fo?' bai yi min musu ba. Har godiya ya yi."

Pei-shan ta ajiye sandunan cin abincinta.

"Mama, ke kika je?"

"Wa zai je in ba ni ba? Ubanki?"

Ta dubi mahaifinta. Kansa na cikin kwano.

Ta tashi, ta ɗauki hularta. Mahaifiyar ta biyo ta har bakin ƙofa tana cewa in ta fita kada ta dawo. Ta fita.

A jirgin fito ta tsaya cikin babura, injina a kashe, kowa na kallon wayarsa. A Cijin kakar ta gan ta daga wurin gashin kifi, ta nuna mata ƙofa da mafici.

"Yana ciki, 'yata. Ya daina ci, ya daina aski. Shiga, in ya yi miki rashin kunya ki rama."

Yana zaune a ƙasa ya jingina da bango, sanduna a gefe. Bai ɗago ba.

"Me kika zo kallo? Ba ki ga bidiyon ba ne? A can ya fi kyau."

"Na san Mama ta je wurinka."

"Gaskiya ta faɗa."

"Kai kuma ka yi min ƙarya."

Ya yi wata dariya mara daɗi. Ya kama bandejin ya hau warwarewa da sauri, ya jefar, ya ɗago dungun a gabanta, ja, da sawun ɗinki a karkace.

"To ga shi. Kalla da kyau. Wannan za ki riƙa gani kullum da safe. Har yanzu yatsun da babu su suna yi min ƙaiƙayi, in farka ina ihu. Ba zan ƙara hawa bene da tukunya ba. Ban iya komai ba sai shi. Tashi ki tafi tun kina da sauran tausayina, kafin ya koma ƙyama."

Ta yamutsa fuska, kuma ya gani. Ba ta ɓoye ba. Ta durƙusa, ta ɗauki man shafawar da ke kan tabarma.

"Ba shi da kyan gani," in ji ta. "Miƙo."

Ya yi ƙoƙarin janyewa, ta riƙe. Ta hau shafawa. Can sai ya kifa fuskarsa a kafaɗarta, ya yi kukan da bai yi ba tun ranar tifa.

"Jar Hula, za ki yi nadama."

"Wataƙila. Ka bar ni na yi da kaina."

Shekara ta zagayo kafin a sa rana. A lokacin ya saba da ƙafar roba, mai gidansa ya mayar da shi kan tebur yana amsa waya yana tura yara kai gas. A-Kun ya sa bakanike ya ƙara wa wani ƙaramin babur tayoyi biyu a gefe, ya ce ba mota zai ɗauko amaryarsa da ita ba.

Ranar biki ta durƙusa gaban iyayenta kamar yadda ake yi. Mahaifinta ya rufa mata mayafi a fuska. Mahaifiyarta ba ta ko canja kayan shago ba.

"Ranar da kika gaji da ɗaukarsa," in ji ta, "kada ki nufo nan."

Da babur ya tashi, mahaifiyar ta watsa ruwan da al'ada ta ce a sallami amarya da shi a bayansu da ƙarfi har ya jiƙa gefen rigar, ta shige ta rufe ƙofa.

A cikin jirgin fito wasu samari biyu masu manyan babura suka zura musu ido.

"Amarya a keken guragu," in ji ɗaya, bai ko rage murya ba. Ɗayan ya ɗaga waya yana ɗauka.

A-Kun ya ƙanƙame kan babur. Pei-shan ta zagaye shi da hannuwanta, ta kwantar da kanta a bayansa. A nan ta hango mahaifinta can baya cikin babura, da kwat ɗinsa ta tun zamanin aiki, shi kaɗai.

An kafa rumfa a kan titi gaban gidan kakar, maƙwabta masu kifi sun cika tebura. Tsohuwar ta kunna turare gaban hotunan magabata, ta haɗa hannayensu cikin nata.

"Ku tsufa tare, ku ga jikoki. Abin da ya same ku a baya ya zama shi ne mafi muni da za ku gani."

Mahaifin Pei-shan ya miƙe da kofi a hannu. Ya daɗe a tsaye, har mutane suka yi shiru.

"Ban yi magana ba lokacin da ya kamata," in ji shi. "A-Kun, ɗana, na ba ka ita. Ku zauna lafiya, ku riƙe juna."

Aka ɗaga kofuna, aka sha. Kusa da shi akwai kujera da kwano da sandunan cin abinci da aka ajiye wa uwar amarya. Har aka kwashe tebura Pei-shan ba ta bari kowa ya zauna a kai ba.