Dodo Mai Tabarau

"Ɗauko min kwamfutar nan."

Gabana ya faɗi! Na ajiye kofin da ke hannuna da sauri, har ruwan ya zubo min a ƙafa.

"Baba, dama..."

"Ban ce ki yi magana ba, Auta. Ɗauko na ce."

Umma tana bakin ƙofar kicin ta kasa shigowa, ta kasa komawa. A kan doguwar kujera kuwa 'yar Gwaggo ce zaune, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya tana danna waya, wai ita ba ruwanta. Alhali ita ta ɗauki hoton allon kwamfutata jiya, lokacin da na shiga wanka, ta kai wa Baba. Tun ranar da ta kai wayarta gyara shagon Injiniya, saurayina, ta dawo tana cewa wai bai dace da mai gilashi irina ba.

Gobe manyansa za su zo neman aurena. Gobe fa!

Baba kuwa shekara talatin ya yi yana shugabancin makaranta, kuma duk duniya ba abin da ya tsana kamar gem, wasan nan na kwamfuta. Gem ne ya ci wa Yayanmu shekara guda a jami'a, har yau Baba bai huce ba.

Na kawo kwamfutar na ajiye a kan teburi.

"Watanni biyu suka rage ki miƙa aikin kammala karatunki," in ji Baba yana gyara tabarau. "In na sami gem ko ɗaya a nan, ki kira shi ki ce kada kowa ya tako min gida."

Allon ya kawo haske.

Kai, ko a cikin wannan tashin hankalin sai da na ga kyansa. Injiniya ya yi sati yana yi masa kwalliya. Ya sauya masa riga gaba ɗaya, shuɗi mai duhu don kada idona ya gaji. Agogo a gefe, da manyan lambobi. A ƙasa ya yi min 'yar kanta kamar ta katako, inda manhajojina ke jere, in ka kai linzamin kwamfutar kan ɗaya sai ta yi tsalle ta ƙara girma. A tsakiyar kantar kuma ga shi nan, ɓaro-ɓaro: hoton abin buga gem.

"Ka gani ko, Kawu?" 'Yar Gwaggo ta miƙe. "Wannan shi ne rumbun da ake tara su. Wallahi tausayinta nake ji, kullum tana ɗaki wai karatu..."

Baba ya danna.

Hotuna shida suka jeru a allon kamar bangon littattafai. Jarumi da takobi. Motar tsere. Wani ƙaton maciji mai fitar da wuta. Kowanne da kalarsa.

Na buɗe baki, maganar ta maƙale. Haka nake tun ina ƙarama, in na tsorata harshena ɗaurewa yake.

"Shida," Baba ya faɗa a hankali. "Har shida."

Ya kai linzami kan macijin, ya danna da ƙarfi kamar zai kashe shi.

Wani farin shafi ya buɗe.

Baba ya matso da fuskarsa. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Babi na uku..." ya karanta. "Hanyoyin gudanar da bincike?"

Ya danna motar tsere. Babi na biyu. Ya danna jarumin. Babi na ɗaya, da gyaran malamina a ja.

"Meye wannan, Auta?"

Sai a lokacin harshena ya saku, maganar ta zubo tare da hawaye.

"Baba, wata uku na yi ban rubuta ko layi ba! Da na ga jakar da aka rubuta sunan aikin a kan allo sai zuciyata ta hau bugawa, in rufe kwamfutar. Na kai wa Injiniya ita ne don ta yi nauyi, ya ga halin da nake ciki. Shi ne ya ce tunda tsoron jakar nake, bari ya sauya mata fuska. Ya cire wasannin daga rumbun, ya sa babukana a madadinsu. Ya ce, ''Yar gilashina, ba aiki za ki yi ba, maciji za ki kashe.' Duk babin da na gama sai ya sa masa tauraro..."

Huɗu na da tauraro. Baba ya ƙirga su da yatsa.

Umma ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya daga bakin ƙofa.

"To ai saura ɗaya," 'yar Gwaggo ta ce da sauri. "Babi biyar ne aikinta, Kawu. Na shidan fa? Wancan mai hoton kwaɗo?"



Na shidan baƙi ne wuluk, da hoton kwaɗo a kulle. Ban taɓa buɗe shi ba. Injiniya ya ce kyautata ce, kada in taɓa sai na gama babi na biyar, ni kuma na yi alkawari. In gem na gaske ya sa min a ciki fa? Ya Allah...

"Me ke ciki?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ba ki sani ba."

Na runtse ido. Na ji ƙarar dannawa.



A hankali na buɗe ido ɗaya.

Wani dodo ne ya cika allon. Zane ne, mai gashin baki fari, da hula, da tabarau a kan karan hanci, ya riƙe jan biro kamar mashi. Kunyar duniya ta rufe ni, don ko makaho ya shafa ya san wa aka zana.

A ƙasa akwai rubutu, Baba ya karanta da muryarsa ta taron ɗalibai:

"Sannu da ƙoƙari, hasken idona. Kin kashe naki biyar. Wannan na ƙarshen ki bar min shi. Ba a cin sa da faɗa, sai da ladabi da haƙuri, kuma ina son sa don shi ya rene ki. Ki yi min addu'a, gwiwoyina rawa suke."



Baba ya dubi dodon. Ya dubi Umma.

"Ke, haka gashin bakina yake?"

Umma ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na girgiza. "Ai har ya rage maka, Malam."

Sai Baba ya fashe da dariya! Irin dariyar da rabona da ji tun kafin maganar Yaya. Har da share ido.

'Yar Gwaggo ta ɗauki jakarta, wai ta tuna an aike ta. Ba wanda ya ce ta gaida gida.

Na zauna a ƙasa ina dariya ina kuka.

"Tashi ki kira shi," in ji Baba. "Ki ce dodo na jiran manyansa gobe da ƙarfe huɗu. Amma ba za a sa rana ba sai na ga tauraro a kan na biyar."

"To, Baba!"

Har na kai ƙofar ɗaki ya sake kirana. Yana ta wasa da linzami a kan 'yar kantar, manhajojin na tsalle ɗaya bayan ɗaya.

"Auta... in ya zo, ya duba min tawa kwamfutar. Rubutunta ya yi min ƙanana."

Ya yi gyaran murya.

"Kuma ya sa min irin wannan mai tsallen."